Magungunan Ƙazuwa: Ingancinsu, Illolinsu da Dalilan da ke Hana Su Aiki

Tsakure

Wannan maƙala ta duba manyan magunguna huɗu da ake yi wa ƙazuwa a yau, wato famitirin, aibamektin, benzil benzowet da farar wuta, ta fuskar ƙarfin warkarwa da kuma illar da kowannensu kan haifar. An bi sakamakon gwaje-gwajen da aka gudanar a Jos, Dakar, Indiya, Ostiriya da tsibiran Fiji, aka auna su da yanayin zaman jama'armu. Matsayar maƙalar ita ce, zaɓen magani rabin aiki ne kawai. Sauran rabin yana ga maimaita maganin bayan mako guda, da kuma yi wa duk masu kwana wuri ɗaya magani a rana ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Ƙazuwa na cikin cututtukan da kowa ya sani amma ba kasafai ake kai ta asibiti ba. Ana ɗaukar ta ciwon ƙazanta, abin kunya, ko kuma wani abu da ya zama dole almajiri ya yi kafin ya zama gardi. Wannan rainin ya sa ta zauna daram a tsangayu, makarantun kwana, gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci aƙalla mutum miliyan 200 ke fama da ita a duniya, kuma a shekarar 2017 ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Illar ƙazuwa ba ta tsaya ga ƙaiƙayin dare da hana barci ba. Susa kan yage fata, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurji ya yi mugunya. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi, Streptococcus pyogenes, yana iya jawo kumburin ƙoda makonni kaɗan bayan gyambon, yaro ya wayi gari fuska a kumbure, fitsari ya yi ja. Akwai kuma hujjojin da ke alaƙanta shi da ciwon da ke lalata ƙofofin zuciya. Saboda haka tambayar wane magani ya fi aiki, kuma wanne ya fi aminci, tambaya ce da ta cancanci zaman masana.

2.0 Ƙwaron Ƙazuwa da Yadda Yake Rayuwa

Tun a 1687 wasu 'yan Italiya biyu, Giovanni Cosimo Bonomo da Diacinto Cestoni, suka nuna cewa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haddasa cutar. Sunansa a kimiyyance Sarcoptes scabiei, dangin kaska ne da gizo-gizo, kuma tsawon macen bai kai rabin milimita ba. Macen ce ke haƙa rami a saman fata tana saka ƙwai biyu zuwa uku a kullum. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 4, 'ya'yan su balaga cikin kamar mako biyu. Wuraren da ta fi so su ne tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu, ɗuwawu, al'aura da kan nono. A jikin jarirai har tafin hannu, tafin ƙafa da fatar kai takan kama.

Abubuwa uku daga rayuwar ƙwaron ne ke juya akalar magani. Na farko, wanda ya kamu a karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana yaɗa cutar. Na biyu, ba kowane magani ke kashe ƙwai ba. Na uku, hanyar yaɗuwa mafi girma ita ce daɗewar fata a jikin fata, kamar ta masu kwana kan tabarma ɗaya. Kenneth Mellanby, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya gwada wannan a Sheffield lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya sa masu sa kai suka riƙa kwanciya a shimfiɗar da masu ƙazuwa suka tashi daga kai, kuma 'yan ƙalilan ne suka kamu. Dalili kuwa shi ne mai ƙazuwa ta yau da kullum ƙwari 10 zuwa 15 kawai yake ɗauke da su, kuma ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku idan ya rabu da jikin mutum.

Akwai nau'in da ya saɓa wa wannan, wato ƙazuwa mai ɓawo, wadda ke kama masu raunin garkuwar jiki, tsofaffi da masu ƙanjamau. Fatar kan yi kauri ta tsattsage, ƙwarin su kai dubbai har miliyoyi, kuma mutum ɗaya na iya zama tushen cutar ga gida ko ɗakin kwana baki ɗaya.

3.0 Ingancin Magungunan

3.1 Famitirin

Man shafawa ne mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda ke shanye jijiyoyin ƙwaron. Ana shafa shi daga wuya zuwa tafin ƙafa, a bar shi awa 8 zuwa 14, a wanke, sannan a maimaita bayan mako guda. Shekaru da dama shi ne zaɓin farko a Turai da Amurka. Bitar da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2010, wadda ta tattara gwaje-gwaje 22, ta nuna ya fi lindan da kurotamiton aiki.

Sai dai labari ya fara canzawa. Wani gwaji da Meyersburg da abokan aikinsa suka yi a Ostiriya kan mutum 110, aka wallafa a 2024, ya samu cewa famitirin ya warkar da kashi 27 cikin 100 kawai, yayin da benzil benzowet ya warkar da kashi 87. Wannan ya ƙarfafa zargin da likitocin fata a Turai suka daɗe suna yi, cewa ƙwaron ya fara jure wa maganin a wasu yankuna. Ga mu nan kuma akwai matsalar tsada: bututu ɗaya da ƙyar yake isar babban mutum shafawa ɗaya, ga shi gida mai mutum goma sha biyu kowa sai ya shafa sau biyu.

3.2 Aibamektin

Wannan ƙwaya ce ta haɗiya, kuma mutanen karkara sun san ta da sunan Mectizan, wanda ake rabawa kyauta tun 1987 domin makantar kogi, daga baya kuma domin tundurmi. Satoshi Omura da William Campbell sun samu kyautar Nobel ta 2015 saboda gano ta. Ma'aunin ƙazuwa shi ne maikirogiram 200 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 60 zai sha miligiram 12, ƙwaya huɗu masu miligiram 3. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙazuwa cikin cututtukan da aka amince a yi amfani da aibamektin a kansu a jerin muhimman magungunanta.

Rauninta shi ne ba ta kashe ƙwai, kuma ba ta daɗewa a jiki har ta riski waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya. Gwajin Usha da Gopalakrishnan Nair na Indiya a shekarar 2000 ya fito da wannan sarai: shan farko ya warkar da kashi 70, aka ƙara na biyu bayan mako biyu adadin ya kai kashi 95. Wanda ya sha sau ɗaya ya tsaya, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Bitar Cochrane ta 2018, mai gwaje-gwaje 15 da mutum 1,896, ta kammala da cewa famitirin ya ɗan fi saurin aiki a makon farko, amma daga mako na biyu zuwa na huɗu bambancin kaɗan ne ko babu.

3.3 Benzil Benzowet

Shi ne farin ruwan shafawa da aka fi samu a kemis da ƙananan asibitocinmu, kuma yana da araha. Ana ba manya mai ƙarfin kashi 25, a sirka wa yara zuwa kashi 12.5, a bar shi awa 24 a jiki, a kuma maimaita. Gwaje-gwaje biyu na Afirka ta Yamma sun kwatanta shi da aibamektin, kuma sakamakonsu ya saɓa wa juna.

A Jos, Sule da Thacher sun raba mutum 210 gida biyu, suka wallafa sakamako a 2007. Bayan mako biyu, aibamektin ta warkar da kashi 79, benzil benzowet haɗe da sabulun monosalfiram ya warkar da kashi 59. A mako na huɗu adadin ya koma kashi 95 da kashi 86. A Dakar kuwa, gwajin Fatimata Ly da abokan aikinta na 2009 kan mutum 181 ya nuna akasin haka. Bayan kwana 28, waɗanda suka shafa benzil benzowet sau biyu kashi 95.8 sun warke, masu shafawa ɗaya kashi 76.5, masu aibamektin kuwa kashi 43.1 kacal.

Wannan saɓani shi kansa darasi ne. A Dakar sau ɗaya aka tsara ba da aibamektin, a ma'aunin maikirogiram 150 zuwa 200, wanda ke nufin wasu sun sha ƙasa da abin da ake buƙata. Kuma a cikin gwajin guda, ƙarin shafawa ɗaya tak ya ɗaga sakamakon benzil benzowet da kusan kashi 20. A duk inda aka duba, cikar ma'auni da maimaitawa su ne ke raba wanda ya warke da wanda bai warke ba.

3.4 Farar Wuta da Sauran Magunguna

Farar wuta, kashi 5 zuwa 10 a cikin man basilin, ita ce mafi daɗewa a magungunan ƙazuwa. Ana shafa ta dare uku a jere. Tana da wari kuma tana ɓata tufa, amma ita ake komawa gare ta ga jariran da ba su kai wata biyu ba. Kurotamiton yana rage ƙaiƙayi, sai dai ƙarfinsa na kashe ƙwaro bai kai na sauran ba. Sabulun Tetmosol, wanda ke ɗauke da monosalfiram, mataimaki ne kawai, bai kamata a dogara da shi shi kaɗai ba. Moksidektin, ɗan uwan aibamektin da aka amince da shi a Amurka a 2018 domin makantar kogi, yana daɗewa a jiki sosai, kuma ana gwada shi a kan ƙazuwa da fatan a samu maganin da sha ɗaya zai wadatar.

4.0 Illoli da Waɗanda Ake Yi wa Hattara

Famitirin kaɗan ne daga cikinsa ke ratsa fata zuwa jini. Illarsa ba ta wuce ɗan raɗaɗi ko ƙaruwar ƙaiƙayi na ɗan lokaci ba, kuma an yarda a shafa wa jariri daga wata biyu, da mai ciki, da mai shayarwa. Mai shayarwa za ta wanke kan nono kafin ta ba da mama, ta sake shafawa bayan haka.

Benzil benzowet yana da zafi, musamman a al'aura da wuraren da aka sosa har fata ta yage. Yaron da aka shafa wa mai ƙarfin manya zai yi ta ihu, uwa ta wanke masa cikin minti goma, magani ya tashi a banza. Don haka sirkawa daidai da gargaɗin iyaye tun kafin su tafi gida suna cikin aikin mai ba da magani. Monosalfiram kuma ba ya jituwa da giya. Wanda ya sha bayan amfani da shi na iya samun jiri, amai da bugun zuciya.

Aibamektin an sha ta sau ɗaruruwan miliyoyi a Afirka, kuma yawancin illolinta masu sauƙi ne: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙarin ƙaiƙayi a kwanakin farko. Ƙa'idar da ake bi har yanzu ita ce ba a ba mai ciki, ko yaron da bai kai kilo 15 ba, wanda a wajen rabon Mectizan ake gane shi da sandar awo mai santimita 90. Wani nazari na Faransa da aka wallafa a 2020 kan yara 170 masu ƙasa da kilo 15 ya samu illa mai sauƙi ga kashi 4 kawai, abin da ya buɗe ƙofar sake duba wannan ƙa'ida, amma kafin hukumomi su sauya ta, man shafawa ne na ƙananan yara.

Babban haɗarin aibamektin yana ga tsutsar ido, Loa loa, wadda ke yankunan kurmi na Kamaru, kudancin Nijeriya da tsakiyar Afirka. Mutumin da 'ya'yan tsutsar suka haura 30,000 a kowace mililita ta jininsa, idan ya sha maganin yana iya samun kumburin ƙwaƙwalwa, ya suma, har ya rasa ransa. Tsutsar ba ta zama ruwan dare a busassun yankunanmu ba, amma fatake, direbobi da 'yan ci-rani suna shekaru a kurmi, kuma akwai Hausawa mazauna can. Tambaya ɗaya, «Ka taɓa zama a kurmi, ko ka taɓa ganin tsutsa ta gilma a idonka?», tana iya ceton rai.

Lindan kuwa ya kamata a rufe babinsa. Yana ratsa fata ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya jawo jijjiga, musamman ga yara da masu fatar da ta yage. An sanya shi cikin Yarjejeniyar Stockholm kan guba masu daɗewa a muhalli a 2009, kuma shi ne sinadarin Gammalin 20 da manoma suka sani. Haka nan fiya-fiya, kananzir, baƙin mai da magungunan dabbobi da wasu ke shafa wa yara: ƙonewar fata da gubar da suke jawowa ta fi ƙazuwar muni nesa ba kusa ba.

5.0 Dalilan da ke Hana Magani Aiki

Kafin a ce ƙwaro ya jure wa magani, akwai abubuwa biyar da ya kamata a tantance.

Na farko, shafawa a kan ƙuraje kaɗai. Ƙwaron yana wuraren da ba a ga komai ba, don haka ko'ina ake shafawa, har ƙarƙashin farce, tsakanin yatsun ƙafa da matsematsi. Ga jarirai da tsofaffi ana haɗawa da kai da fuska, a kauce wa ido da baki.

Na biyu, alwala. Hannu shi ne babban mazaunin ƙwaron, kuma shi ake wankewa sau biyar a rana. Littattafan da aka rubuta a Turai cewa kawai suke yi a sake shafawa bayan wanke hannu, amma mu sai mun fassara wannan da lokutanmu. Famitirin ya dace a shafa bayan sallar isha'i a wanke da asuba, domin tsakanin nan yakan kai awa takwas. Benzil benzowet mai awa 24 kuwa, dole a sake shafa hannu, damtse da ƙafa bayan kowace alwala da kowane tsarki.

Na uku, barin abokan kwana. Yayan da bai fara susa ba yana iya kasancewa a makonsa na uku da kamuwa, kuma shi zai mayar wa ƙaninsa da cutar kwana goma bayan ya warke.

Na huɗu, man shafawa masu haɗin sitiroyid da ake sayarwa barkatai a kemis da sunan maganin kowane irin ƙurji. Suna kwantar da ƙaiƙayi, su ɓoye kamannin cutar, ƙwaro kuma ya ci gaba da hayayyafa.

Na biyar, rashin sanin cewa ƙaiƙayi kan ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu. Wanda ba a gaya masa haka ba zai yi ta maimaita benzil benzowet har fatarsa ta ƙone, ya ɗauka cutar ce ta ƙi tafiya.

Jurewar gaske tana nan. A 2004 an ba da rahoton masu ƙazuwa mai ɓawo su biyu a arewacin Ostireliya waɗanda aibamektin ta daina yi musu aiki bayan sun sha ta sau 30 da sau 58. Shi ya sa irin wannan nau'i ake haɗa masa aibamektin a ranaku na 1, 2, 8, 9 da 15, da man shafawa, da maganin da ke tausasa ɓawon, a ƙarƙashin kulawar likita.

6.0 Yi wa Al'umma Magani Gaba Ɗaya

Hujja mafi ƙarfi kan wannan hanya ta fito daga Fiji, a gwajin da Lucia Romani da abokan aikinta suka wallafa a 2015 kan mutum 2,051 a rukunin tsibirai uku. Inda aka yi wa masu cutar da iyalansu kaɗai magani, ƙazuwa ta sauka daga kashi 36.6 zuwa 18.8 bayan shekara guda. Inda aka shafa wa kowa famitirin, ta sauka daga 41.7 zuwa 15.8. Inda kowa ya sha aibamektin, masu cutar kuma suka ƙara sha na biyu, ta faɗo daga 32.1 zuwa 1.9. Gyambon fata ma ya ragu da kashi 67 a wannan rukuni ba tare da an raba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. A kan irin waɗannan hujjoji ne taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a 2019 ya ba da shawarar a yi wa kowa magani a inda cutar ta kai kashi 10 cikin 100 na jama'a.

Amma tsibiri ba tsangaya ba ne. Almajirai suna zuwa suna tafiya, ana sallamar fursunoni ana kawo wasu, sansani kullum yana karɓar baƙi. Ko a tsibiran San Blas na Fanama, inda aka sauko da cutar daga kashi 33 zuwa ƙasa da kashi 1 da famitirin, ta sake tasowa cikin 'yan watanni da aka samu tsaikon kawo magani. Don haka rabon magani a wurinmu sai an haɗa shi da duba duk sabon shigowa, da kuma komawa bayan 'yan watanni.

7.0 Shawarwari

1. A rubuta magani da sunan gida ko ɗakin kwana, kowa ya yi a rana ɗaya, mai susa da marar susa.
2. Kowane magani aka zaɓa, a sanya ranar maimaitawa tsakanin kwana 7 zuwa 14, a rubuta ta a katin marar lafiya.
3. A gida, benzil benzowet da aka sirka daidai ko famitirin sun wadatar. A tsangaya, makarantar kwana, gidan yari da sansani, aibamektin ta fi dacewa, domin ana haɗiye ta a gaban ma'aikaci.
4. Masu ciki da yara ƙasa da kilo 15 a ba su famitirin, jariran ƙasa da wata biyu kuma farar wuta.
5. A wanke tufa da mayafi da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na aƙalla kwana uku.
6. A horar da masu kemis, domin su ne ƙofar farko, a kuma sanya alarammomi cikin tsarin tun daga farko.
7. Jami'o'inmu su ƙidaya yawan cutar a tsangayu da sansanoni, su kuma gwada aibamektin sha biyu da benzil benzowet shafawa biyu a kan jama'armu.

8.0 Kammalawa

Gwaje-gwajen da aka bi a wannan maƙala sun nuna cewa muna da magungunan ƙazuwa masu aiki, masu araha, waɗanda illolinsu sanannu ne kuma ana iya kauce musu da 'yan tambayoyi kaɗan. Aibamektin da benzil benzowet kowannensu ya warkar da kashi 95 cikin 100 a ɗaya daga gwaje-gwaje biyun da aka yi a Afirka ta Yamma, kuma kowannensu ya gaza a inda aka rage ma'auni ko aka tsaya a zagaye ɗaya. Abin da ya rage aiki ne na tsari: wa zai sayi maganin gida guda, wa zai koma tsangaya a rana ta takwas, wa zai duba sabon yaron da aka kawo. Waɗannan tambayoyi ne da hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi da ƙananan hukumomi za su iya amsawa da kuɗi kaɗan, kuma hujjar da suke buƙata domin farawa ta riga ta samu.